Na'urar Feshi da Buroshi a Jikin Jirgin da Na Ƙera a Yauri

Na shafe wata 7 ina ƙera ƙaramin jirgin ruwa a rumfar da ke bayan gidanmu a Yelwan Yauri. Tsawonsa mita 4 da rabi ne, jikinsa na filawud ɗin ruwa, haƙarƙarinsa da bencinansa da leɓensa (wato katakon da ya zagaye bakinsa na sama) kuwa na madaci. Da aikin yanka da haɗi ya ƙare, sai na tsaya a kan tambayar da duk wanda ya ƙera jirgi da hannunsa yake tsayawa a kanta, wato ko in shafa fenti da banish (man da ke sa katako ƙyalli ba tare da ya rufe ƙirarsa ba) da buroshi, ko kuwa in fesa su. Na zaɓi in sayi na'urar feshi ta lantarki in gwada ta kafaɗa da kafaɗa da buroshi a jikin jirgi guda, kuma yanzu da jirgin ya cika shekara yana shiga ruwa, ina ganin ina da abin da zan gaya wa wanda yake shirin kashe kuɗinsa a kan irin wannan na'ura.

Na'urar da na saya tana cikin jinsin da ake kira HVLP, ma'ana tana hura iska mai yawa amma da ƙarfin turi kaɗan. Ba ta buƙatar kwamfuresa, domin tana da nata injin hura iska wanda ake ajiyewa a ƙasa, sai doguwar tiyo da ke kai iskar zuwa bindigar feshin, da kofin zuba fenti a ƙarƙashin bindigar. Ta zo da bakuna 3 masu faɗin rami daban-daban, da wani ɗan mazurari da ake auna kaurin fenti da shi ta hanyar ƙirga daƙiƙun da yake ɗauka kafin ya tsiyaye. An samar da irin waɗannan na'urori ne domin rage asarar fenti a iska. Bindigar feshi ta gargajiya, irin wadda masu fentin mota suka saba da ita, tana watsar da fiye da rabin abin da ke cikin kofinta ya bi iska, alhali ƙa'idar da hukumomin kula da tsabtar iska na jihar Kalifoniya a Amurka suka shimfiɗa ta tanadi cewa ƙarfin iskar HVLP a bakin bindiga kada ya wuce awo 10 na ma'aunin psi, kuma abin da ake sa ran ya sauka a jikin kaya ya kai kashi 65 cikin 100. Ko da na'urar ta cika wannan alkawari, kusan kashi ɗaya cikin uku na abin da mutum ya saya da kuɗinsa zai tafi a iska, kuma wannan lissafi ne da ban ba shi muhimmancin da ya kamata ba a ranar da nake biyan kuɗinta.

Abin da ya ja hankalina ga feshi tun farko shi ne aikin kafintocin kayan ɗaki. Duk wanda ya taɓa tsayawa yana kallon yadda ake fesa gado ko sif ɗin amarya ya san yadda katako ke koma wa kamar madubi cikin ɗan lokaci. Sai daga baya na gane cewa abin da suke fesawa da abin da jirgi yake buƙata ba su haɗa hanya ba. Nasu yana bushewa ne da zarar tinar da ke cikinsa, wato ruwan da ake sirka fenti da shi, ta tashi, cikin mintoci kaɗan, saboda haka ƙura ba ta samun damar zama a kansa, kuma buroshi ma ba zai iya binsa ba saboda saurinsa. Amma ba ya jure ruwa da rana, yana tsattsagewa idan katako ya motsa. Banish ɗin jirgi kuwa mai ne a asalinsa, kuma yana ƙanƙamewa ne sannu a hankali yayin da man yake haɗuwa da iskar da muke shaƙa, abin da ke ɗaukar sa'o'i masu yawa. An yi shi da wannan jinkiri ne da gangan, domin ya kwanta da kansa bayan buroshi ya wuce, ya shafe sawun gashin buroshin, kuma ya kasance mai laushin da zai bi katako idan ya kumbura da damina ko ya tsuke da rani.

Banish ɗin da na yi amfani da shi na kamfanin Epifanes ne na ƙasar Holan, wanda yake wannan sana'a tun 1902, kuma na same shi ta hannun wani mai sayar da kayan jiragen ruwa a Legas. An haɗa shi da man tung, wanda ake tatsa daga 'ya'yan wata bishiya ta ƙasar Sin, da sinadaran da ke tare hasken rana mai cin katako. Umarnin kamfanin a kan sabon katako a fili yake: shafi na farko a sirka shi da tina rabi da rabi domin katako ya sha, na biyu a sa kashi 25 cikin 100, na uku kashi 15, daga nan kuma kada sirkin ya wuce kashi 5, a bar sa'o'i 24 tsakanin shafi da shafi, a goge da sanfefa mai laushi kafin a ƙara. Ana so a kai shafi 7 ko fiye. Wannan yawan shafi ba ado ba ne, domin kariyar da banish ke ba katako daga rana tana cikin kaurinsa ne, kuma a nan ne hanyoyin biyu suka fara rabuwa.

Na fara gwajin da bencina biyu na madaci waɗanda ban riga na kafa su ba, ɗaya na feshi, ɗaya na buroshi. Matsala ta farko ita ce banish yadda ya fito daga gwangwani ya yi wa na'urar kauri. Da na ja kunamar bindigar, sai ya riƙa fita ɗigo-ɗigo maimakon ya fita kamar hazo, fuskar bencin ta yi gurmi-gurmi kamar ɓawon lemo. Na ƙara tina har sai da ya riƙa tsiyayewa daga mazurarin cikin lokacin da takardar na'urar ta nuna, na canja baki zuwa matsakaicin, sai feshin ya daidaita. Amma akwai wani abu game da irin wannan na'ura da ya kamata mai saye a ƙasarmu ya sani: injinta yana ɗumama iskar da yake hurawa, kuma bayan minti 10 tana aiki tiyon kansa yakan yi zafi a hannu. A ƙasashen sanyi wannan taimako ne. A Yauri kuwa, inda zafin watan Afrilu ke haura digiri 40, iskar mai ɗumi tana busar da tinar tun banish yana kan hanyarsa tsakanin bakin bindiga da katako, sai ya sauka rabi a bushe, ya kasa kwanciya. Maganin da na samu shi ne in matso da bindigar zuwa kimanin santimita 15 daga katako, in rage saurin hannu, kuma in daina aiki da zarar hantsi ya ɗaga.

Da na kama hannunta, ba zan ɓoye ba, sakamakon ya yi kyau ƙwarai. Shafi na huɗu a bencin feshi ya fito sumul, babu sawu ko ɗaya, ƙirar madacin tana ɗaukar ido a ƙarƙashinsa. Sai dai da na kai shafi na 7 a duka biyun, na ɗora su gefe da gefe a hasken rana, na ga bencin buroshi yana da zurfin da na feshi bai kai ba, kamar mutum yana leƙa ruwa mai zurfi a ɗaya, mai tsayawa idon sawu a ɗayan. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Abin da na riƙa fesawa kaso mai yawa nasa tina ce, wadda ke tashi ta bar siririn banish, saboda haka sai da na ƙara shafi 4 kafin bencin feshi ya kamo ɗan'uwansa a kauri. Idan aka haɗa wannan da abin da ya bi iska, bencin feshi ya ci banish da tina kusan ninki biyu na abin da na buroshi ya ci. Ga wanda yake sayen banish ɗin da aka shigo da shi daga waje da canjin kuɗi na yau, wannan ba ƙaramin bambanci ba ne.

Sai kuma batun ƙura, wanda a ganina shi ne babban alƙalin wannan gardama a ƙasarmu. Aikin nawa ya faɗo cikin hunturu, lokacin da iskar arewa maso gabas ke kwaso ƙurar kwarin Bodele na ƙasar Chadi ta baza ta a duk faɗin Afirka ta Yamma. Ƙurar hunturu ba irin wadda ake sharewa da tsintsiya ba ce, gari ce mai laushi da ke rataye a iska, tana sauka a hankali a kan duk abin da ke da danshi. Banish da zai yi sa'o'i yana danƙo tarko ne a gare ta, ko da buroshi aka shafa ko fesawa aka yi. Amma na'urar tana ƙara wa matsalar gishiri ta hanya biyu. Injinta yana zuƙo iskar rumfar da ƙurarta ya turo ta kai tsaye cikin banish, kuma matatar soson da ke bakinsa takan toshe cikin kwana biyu idan ba a wanke ta ba. Sannan iskar da bindigar ke hurawa tana tayar da duk ƙurar da ta kwanta a ƙasa da jinka da sasannin jirgin, ta yi ta yawo har ta dawo ta zauna a kan aikin. Wata safiya na fesa leɓen jirgin gaba ɗaya, na tafi ina murna, washegari da na shafa tafin hannuna a kai sai na ji shi kamar an barbaɗa masa gero. Kwana biyu na yi ina goge shi.

Daga ranar na canja tsarin aiki. Nakan yayyafa wa ƙasan rumfar ruwa tun da dare, in sake yayyafawa bayan sallar asuba, in goge katakon da tsumma mai ɗan danshin tina, in fara shafi da zarar gari ya waye sosai, kafin iska ta taso. Idan na gama, sai in saukar da wasu gidajen sauro guda 3 da na sa aka ɗinke su wuri guda, su rufe jirgin ba tare da sun taɓa shi ba. Gidan sauro ba ya hana ƙura mai laushi shiga ɗungurungum, amma yana karya ƙarfin iska, kuma yana tare ƙananan ƙwarin bakin kogi waɗanda ƙamshin banish ke jawowa. Da buroshi ana iya aiki a cikin wannan rufi cikin natsuwa. Da na'urar feshi kuwa ba zai yiwu ba, domin hazon banish zai cika wurin har mutum ya kasa ganin abin da yake yi. Wanda yake da zaɓin lokaci, ina ba shi shawara ya ajiye wannan aiki zuwa kaka, bayan ɗaukewar ruwan sama kuma kafin saukar hazo, domin damina ma tana da nata sharrin, danshinta kan dusashe ƙyallin banish idan ya sauka a kansa kafin ya kama.

A cikin jirgin na'urar ta kasa gaba ɗaya, kuma wannan ba aibin ƙirarta ba ne, ɗabi'ar feshi ce. Cikin jirgi cike yake da haƙarƙari da lunguna da ƙarƙashin benci. Idan aka hura iska cikin lungu, tana bugun bango ta dawo da banish ɗin waje, sai tsakiyar lungun ya zauna a bushe alhali gefensa ya cika har yana zubar da hawaye. Waɗannan lunguna kuwa su ne daidai inda ruwa ke kwanciya, inda ruɓa ke farawa. Buroshi yana cusa banish cikin mahaɗar katako, yana tura shi cikin ramukan madaci, wanda itace ne mai buɗaɗɗun ƙofofi, yana kuma ƙosar da bakin filawud inda aka yanka, wurin da ke shan ruwa kamar soso. Feshi yana ɗora banish ne a saman katako kawai. Ko wanda ya ƙudurta fesa jirginsa, ina roƙonsa ya yi shafi 3 na farko da buroshi.

Game da buroshin kansa, na sayi iri 3. Akwai mai arha na shagon kayan gini, wanda ya yi ta zubar da gashi cikin aikin har na mayar da shi na share ƙura. Akwai na soso, wanda ba ya barin sawu kuma ana yar da shi bayan aiki, amma ba ya ɗaukar banish da yawa, kuma yakan yi laushi ya fara yagewa idan aikin ya yi tsawo. Sai na uku mai gashin roba mai laushi, faɗinsa inci 2, wanda da shi na yi mafi yawan aikin. Akwai abin da ya kamata Musulmi ya sani a nan: mafi yawan buroshin fenti mai gashin dabba da ake shigowa da shi daga ƙasar Sin da gashin alade ake yin sa, kuma shi ne masu fentin mai a Turai suka daɗe suna yabo. Wanda zuciyarsa ba ta natsu da shi ba yana da mafita, domin gashin roba na zamani mai kyau yana kwantar da banish yadda ya kamata idan an kula da shi.

Shafa banish da buroshi aiki ne na haƙuri da tsari. Ba a girgiza gwangwani, domin kumfa za ta shiga. Ana tsiyayo abin da za a yi amfani da shi a wani kofi mai tsabta ta cikin ƙyalle mai laushi, kuma abin da ya rage ba ya komawa gwangwani. Ana tsoma rabin gashin buroshin, a ɗora banish a busasshen wuri, a ja shi zuwa cikin wanda aka riga aka shafa, a ɗaga hannu a hankali a ƙarshen kowane ja, kamar yadda tsuntsu ke barin ƙasa. Nakan durƙusa in sa idona daidai da fuskar katako ina kallon hasken ƙofar rumfa a cikin banish, domin ta haka ne kawai ake ganin wurin da aka tsallake ko inda ya taru zai zubo. Idan an wuce wuri da minti 2, an wuce shi ke nan, komawa kansa ɓata shi ne. A busasshiyar iskar hunturu buroshin yakan fara ja da wuri, kuma ɗan ƙarin tina kaɗan cikin kofi yana sake shi. Kuskuren da na yi sau ɗaya shi ne na cika shafi a benci na baya don in rage yawan kwanaki, sai samansa ya bushe cikinsa yana ɗanye, ya yamutse kamar fatar tsohuwar jaka, dole na jira mako guda kafin in kankare shi.

Inda na'urar ta nuna darajarta shi ne fentin bayan jirgin. Na kife jirgin a kan dawakan katako, wato matokaran da ake ɗora aiki a kai, na rufe filawud ɗin da efoksi, wani danƙo mai ƙarfi da ke hana ruwa shiga, na yi masa fentin shimfiɗa, sannan na raba shi biyu: gefen dama feshi, gefen hagu rola da buroshi, duka da fentin mai shuɗi iri ɗaya. Bayan jirgi fili ne mai faɗi, babu lungu, babu abin da zai mayar da iska, kuma wannan shi ne aikin da aka ƙera na'urar dominsa. Ina tafiya daga goshin jirgin zuwa ƙeyarsa da sauri iri ɗaya, ina riƙe bindigar a miƙe ba tare da karkata wuyan hannu ba, kowane layi yana hawa rabin wanda ya gabace shi, cikin ƙasa da minti 10 na gama gefe guda. Fentin ya kwanta lumui, kuma da yake fenti ya fi banish saurin kamawa, ƙura ba ta yi masa ɓarna sosai ba. Duk wanda ya ga wannan gefe a ranar ya ɗauka daga kamfani jirgin ya fito.

Gefen hagu mu biyu muka yi shi, ni da ɗan yayana. Shi yana gaba da ƙaramar rola ta soso yana shimfiɗa fenti siriri a faɗin da bai wuce kamu biyu ba, ni kuma ina biye da shi da buroshi kusan busasshe, ina shafar saman fentin da bakin gashin kawai domin in fasa kumfar da rola ta bari. Wannan dabara sananniya ce a wurin masu ƙera ƙananan jirage a Turai da Amurka, kuma sirrinta shi ne kada mai rola ya tsere wa mai buroshi. Ta ɗauke mu kusan minti 40. Idan mutum ya matso da fuskarsa kusa, zai ga siraran layuka a wasu wurare. Idan ya ja da baya taki 3, ba zai iya cewa ga gefen feshi ga na rola ba.

Ana cikin wannan aiki wani dattijo daga cikin Sarkawa, wanda ya ƙare rayuwarsa yana ƙera manyan jiragen katako a bakin kogi, ya zo duba abin da ake ta ba shi labari. Jiragensu kwalta da fentin mai ake yi musu, babu ruwansu da ƙyalli. Ya zagaya jirgin sau biyu, ya shafa gefen feshin da bayan hannunsa, ya yaba. Na ce masa, "Baba, wanne ka ga ya fi?" Sai ya ce, "Malam, ranar da dutse ya karce shi a tsakiyar tafiya, wanne za ka iya gyarawa a bakin ruwa?" Tambayar tasa ita ce ma'aunin da na rasa tun farko. Jirgi ba sif ba ne da za a kafa a ɗaki a manta da shi. Ana jan sa a kan yashi, yana gogar wasu jirage a mashaya, rana tana dukansa kullum. Duk abin da aka shafa masa, za a sake shafa shi, kuma hanyar da mutum zai iya maimaitawa duk shekara ba tare da wahala ba ita ce tasa.

Akwai kuma lissafin lokaci, wanda ke ruɗin mai sabuwar na'ura. Gaskiya ne feshin kansa minti 10 ne, amma kafin a kai ga wannan minti 10 sai an rufe duk inda ba a so fenti ya taɓa da takarda da salatif, an auna kauri, an tace, an gwada a jikin kwali, kuma idan babu wutar lantarki a wannan safiya sai an tayar da janareto. Bayan an gama kuma sai an kwance bindigar gunduwa-gunduwa, an wanke baki da allura da kofi da tina mai yawa, domin ɗan abin da ya bushe a ramin bakin ya isa ya karkatar da feshin gobe. Da na haɗa duka, kowane shafi na feshi yana cin fiye da sa'a guda, wato ya zarce na rola da buroshi. A jirgi mai girman nawa, saurin na'urar bai taɓa biyan lokacin shirinta ba.

Batun lafiya shi ne wanda ba na so mai karatu ya tsallake. Buroshi yana sakin warin tina ne kawai, wanda iska mai ratsa rumfa ke ɗauke mafi yawansa. Feshi kuwa yana mayar da fentin kansa hazo, kuma hazon yana shiga huhu. Takunkumin ƙyalle ko na takarda ba ya tare shi, sai takunkumin roba mai matatun gawayi guda biyu wanda ke kama fuska sosai, kuma matatun suna ƙarewa, ana canja su. Wannan ma ga fentin mai na yau da kullum ke nan. Akwai fentin jirgi mai haɗi biyu, wanda ake gauraya shi da sinadarin ƙanƙamewa kafin amfani, mai ƙarfi da ƙyalli fiye da kowane. Yana ɗauke da sinadarin aisosayanet, wanda hukumar lafiyar ma'aikata ta Birtaniya ta daɗe tana lissafa shi cikin manyan abubuwan da ke jawo wa masu fentin mota cutar asma, kuma ƙa'idarta ita ce ba a fesa shi sai da takunkumin da ake turo wa iska mai tsabta daga waje ta tiyo. Wanda jikinsa ya kamu da ƙin wannan sinadari, ɗan kaɗan daga baya ya isa ya toshe masa numfashi. Kada kowa ya fesa irin wannan fenti a gida, inda mata da yara ke shaƙar iskar tsakar gida ɗaya da shi. Hazon tina kuma yana kama wuta, saboda haka janareto da murhu su yi nisa da rumfar. Tsumman da ya jiƙe da banish mai man tung ko man linsid (wani man tsiro da ake haɗa fenti da shi), idan aka dunƙule shi aka jefa a kwandon shara, yana iya ɗaukar zafi da kansa har ya tashi da wuta, don haka nakan shanya nawa a fili ko in nutsar da su cikin bokitin ruwa.

Jirgin ya shiga ruwa a farkon bazara, kuma tun daga lokacin yana yawo tsakanin bakin Yelwa da sassan tafkin Kainji, wanda ya samu bayan kammala madatsar ruwan a 1968. Bayan shekara guda na fito da shi na wanke na duba. Fentin gefe biyun ya dusashe daidai wa daida, karce ya same su daidai wa daida, kuma wuraren da na cike da buroshi a gefen feshin sun fi fitowa fili fiye da na ɗaya gefen, domin faci a kan fuska mai santsin madubi ba ya ɓuya. A banish kuwa bambancin ya fi bayyana. Leɓen jirgin, wanda na fesa mafi yawan shafinsa, ya fara rasa ƙyalli a saman da rana ke duka, kuma a gefuna masu kaifi, inda feshi ya fi yin siriri, madacin ya fara yin fari. Bencin buroshi yana nan da zurfinsa. Na goge leɓen da sanfefa mai laushi, mai lamba 320, na ƙara masa shafi 2 da buroshi cikin safiya biyu, ya dawo.

Ban yi nadamar sayen na'urar ba, kuma ba zan ce wa kowa ba ta da kyau ba. Ta yi abin da aka ce za ta yi, ba ta lalace ba, kuma na fesa ƙofofin gida da ita sun yi kyau. Wanda yake ƙera jirage don sayarwa, yana da ɗaki rufaffe da fanka mai fitar da iska da takunkumi na gaske, kuma yana fentin manyan jikkuna a jere, za ta biya shi kuɗinsa. Amma wanda ya ƙera jirgi ɗaya a rumfar gidansa, kuɗin na'urar da na tinar da za ta sha sun fi amfani idan ya sayi buroshi 2 masu kyau, da rolar soso dozin guda, da ƙarin gwangwanin banish. Nawa jirgin zai sake hawa dawakan katako a watan Oktoba mai zuwa, kuma na riga na wanke buroshin na rataye shi cikin leda, na sayi sanfefa, na sa an ɗinke inda gidan sauron ya yage.